Yadda Ɗanaudu Ya Sauki Faifan Malam Bunyaminu

Bango ɗaya ne ya raba shagona na ɗinki da na Ɗanaudu a kasuwar Bagudo, saboda haka abin da zan faɗa a nan da idona na gani. Wanda ban gani ba kuma ta bangon na ji shi, don Ɗanaudu bai iya magana a hankali ba. Sana'arsa cajin waya da zuba wa mutane waƙa da wa'azi a memori. Amma allon da ya kafa a ƙofar shago cewa ya yi Injiniya Ɗanaudu, Likitan Kwamfuta na Ƙasa da Ƙasa. In ka tambaye shi wace ƙasa da wace ƙasa, sai ya nuna maka hanyar Benin da haɓa. Wayoyi uku na san ya gyara a rayuwarsa, biyu daga ciki ba su ƙara tashi ba.

Wata Litinin Inna Sabuwa ta Geza ta shigo wurina karɓar ɗinki, na ga ranta a ɓace. Mijinta Malam Bunyaminu malamin gona ne, ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya bar mata fadamar shinkafa guda, da ita take ci. Ambaliyar bara ta share kunyar iyaka. Da ruwa ya janye sai maƙwabcinta Badamasi ya kafa turaku a tsakiyar fadamar, ya ce nan ne iyaka tun fil azal. Dattawan da suka san wurin duk sun rasu, har da mahaifin shi Badamasin. Maigarin Geza ya ce dashe ya matso, ranar Alhamis in ba ta kawo shaida ba zai bar turaku inda suke.

Shaida kuwa akwai. Malam yana da wata tsohuwar kwamfuta 'yar Kwatano, kuma ranar da dattawa suka taka iyakar ya tara su a gidansa ya ɗauki muryoyinsu a ciki. Kwamfutar ta daɗe da mutuwa, ɓeraye sun yi gida a cikinta. Amma 'yarsa Raliya, wadda ke koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, ta ciro faifan da ke ajiye komai, wani ƙarfe kamar sandar sabulu, ta naɗe shi a ɗankwali ta sa a kwalla. Matsalar ita ce Raliya tana Birnin Kebbi wurin duba takardun jarrabawa, ba za a sallame su ba sai ranar Alhamis ɗin da rana.

Inna ba ta rufe baki ba sai ga kan Ɗanaudu ya leƙo ta taga.

"Inna, faifan ga ai ni shika jira. Shekara nawa shina kwance cikin kwalla babu likita?"

"Raliya ta ce kar in ba kowa."

"Raliya ai ɗalibata ce. Ni na koya mata riƙon linzamin kwamfuta."

Ƙarya ce. Ita ce ma ta gyara masa baƙar kwamfutarsa ta sa mata wani tsari da ake kira Linux, lokacin da cutar memori ta cinye masa komai. Na buɗe baki zan faɗa, sai na dubi Inna Sabuwa. Tsohuwa ce da ta ƙirga kwanaki ta ga saura uku, kuma babu wani mai shagon kwamfuta da ta sani. Na yi shiru, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Kafin ma faifan ya iso Bagudo, Ɗanaudu ya ɗauki mai shela a kan babur da lasifika, ya zagaya Geza da Zagga da Bahindi yana sanarwa: ranar Alhamis bayan azahar, a shagon Injiniya, mamaci zai yi magana. Maigari ya ce tunda dama zai shigo kasuwa, a nan zai saurari shaidar.

Ranar Talata Inna ta kawo kwalla. Ɗanaudu ya kwance ɗankwalin, ya juya faifan, ya ga bayansa da 'yan allurai kusan arba'in a jere. Ya gwada wayar caji, ba ta shiga ba. Ya gwada ta rediyo, ya gwada ta lasifika. Ya danna da ƙarfi har allura ɗaya ta kwanta, ya aro hantsakina ya tashe ta yana zufa.

"Kebul ɗin ga babu shi Najeriya," in ji shi. "Sai na hita ƙasar waje."

Ya hau babur ya nufi iyakar Benin. Da yamma ya dawo, taɓo har gwiwa, takalmi ƙafa ɗaya, don ya ƙi bin gadar da kowa ke bi ya ce ya san yanke. Amma ya samo mahaɗin, yana cikin hularsa. Ya ce awa uku ya yi yana Faransanci da manyan injiniyoyin Benin kafin su yarda su ba shi. Daga baya Manu, wani tsoho Badende mai sayar da tarkacen kwamfuta a ƙetare, ya shigo kasuwarmu ya ce da Hausa suka yi magana kamar kowa, kuma shi ya duba faifan ya zaɓo mahaɗin, Injiniya na tsaye yana ƙoƙarin sayen wayar fanka.

Ranar Laraba da hantsi ya haɗa faifan da farar kwamfutarsa, wadda yake zuba waƙa da ita. Faifan ya yi gurnani ya soma juyawa. Wani rubutu ya fito a allo. Ɗanaudu ya karanta da yatsa, ya gyaɗa kai irin na manyan likitoci.

"Mi ta ce?" in ji Inna Sabuwa.

"Ta ce ba ta san shi ba. Ta ce a yi mai fomat. Wanka ne, Inna. Shekara ashirin bai ga ruwa ba."

Ya kai hannu kan linzami. Ban taɓa sanin tsohuwa na da sauri haka ba. Mafici ta kai masa a bayan hannu, har linzamin ya faɗi ƙasa.

"Wankan da kay yi ma memorina bara? Hotunan sunan jikana, ina suke?"

"Wancan memorin dama ya zo da rauni."

"Kira min Raliya."

Ya kira, ya sa a lasifika don kowa ya ji yadda yake ba ɗalibarsa umarni. Da Raliya ta ji faifan na hannunsa sai ta yi magana a hankali kamar mai lallaɓa wanda ya hau rijiya.

"Yaya Ɗanaudu, don girman Allah kar ka taɓa fomat. Faifan Baba tsarin ajiyarshi na da ne, an daina yayinshi, shi ya sa farar kwamfutar ba ta gane shi ba. Ka kai shi ga baƙar. Ita dut abin da ke cikinta kamar itace guda ne, saiwa ɗaya, rassa da yawa. Baƙon faifai sai an ɗaura shi bisa reshe guda kahin a ga cikinshi. Ka buɗe folda wadda babu komi ciki, a nan za ka ɗaura shi. Ka ji? Wadda babu komi, don in akwai kaya ciki..."

Nan maganar ta yanke. A wajenmu haka waya take yi, in iska ta juya sai layin Benin ya kama ta, saƙo ya shigo da Faransanci yana yi maka maraba da zuwa ƙasar da ba ka je ba. Ɗanaudu ya ɗaga wayar ya nuna wa jama'a.

"Kun gani? Can ma sun san ina kan aiki."

Da layi ya dawo, Raliya ta turo rubutu, umarni layi ɗaya da zai buga a baƙar kwamfuta. Ta bayyana masa kashi uku ne. Na farko sunan tsohon tsarin faifan, don kwamfutar ta san da wa take magana. Na biyu yana hana a rubuta komai a kan faifan, karatu kawai. Na uku sunan foldar da babu komai. Ta ƙara da cewa in zai iya haƙuri ya jira ta, ya fi.

Kashi biyu na farko bai gane su ba, don haka ya kwafe su yadda suke. Na ukun ne ya gane, kuma shi ya ɓata masa rai. Ya shigo shagona yana huci.

"Tela, ka ji yaran zamani? Malam Bunyaminu, dattijon da ya koya ma rabin ƙasar ga sa taki, wai in sauke shi ɗakin da babu ko tabarma. Gidanku haka aka tarbon baƙo?"

"Faifai ne, Ɗanaudu."

"Muryar wa ke ciki? Dattawa huɗu ke cikin ƙarhen nan. Ka kai dattawa huɗu kango ka gani in za su buɗe baki."

"Ta ce wadda babu komi."

"Ita boko ta karanta, ni na san mutunci. Babban ɗaki zan sauke su."

Babban ɗaki shi ne sunan da ya ba foldar da komai na baƙar kwamfutar ke ciki. Tun da Raliya ta gyara ta cuta ba ta kama ta, sai rabin kasuwa suka mai da ita rumbu. Direbobi na ajiye hoton takardun motarsu a ciki. Ni ina da hotunan samfurin ɗinki na shekara shida. Bashira mai abinci kuwa bidiyon bikin 'yarta na ciki, kwafi ɗaya tak a duniya, kuma ranar Alhamis ɗin za ta karɓa don surukai na zuwa Juma'a su gani.

Alhamis bayan azahar ƙofar shagon ta cika har bakin titi. Masu kifi sun bar kifinsu, masu albasa sun hau kan buhuna. Aka sa wa Maigari kujera a inuwa. Badamasi ya zo da farar riga yana murmushi, ya tsuguna gefe. Inna Sabuwa ta zauna a tabarma dab da teburin. Ɗanaudu ya fito da sabuwar shadda, ni na ɗinka ta, ya tada janareto, ya yi jawabin da ya kai rabin awa a kan tafiyarsa ƙasar waje. Sannan ya zauna ya buga umarnin da yatsa ɗaya, ya sa sunan babban ɗaki a ƙarshe, ya ɗaga yatsan sama kowa ya gani, ya danna.

Allo ya ƙifta. Duk 'yan hotunan da ke kansa suka ɓace. Ya buɗe babban ɗaki, babu waƙa, babu wa'azi, babu takardar mota ko ɗaya. Wasu tsofaffin sunaye ne kawai a jere: TAKI, IRI, IYAKA.

"Ga su nan," in ji shi, amma muryarsa ta ɗan sirance. Ya danna IYAKA. Abin kunna sauti ya ƙi buɗewa, don shi ma kayan aikinsa a babban ɗakin suke. Ya sake dannawa. Ya danna sau goma.

"Injiniya, muna saurare," in ji Maigari.

"Ranka shi daɗe, sun taso daga nesa. Suna hutawa."

Bashira ta kutso da ludayi a hannu ta leƙa allon. Ba ta iya karatu sosai ba, amma ta san inda hoton 'yarta yake zama.

"Ina bikin ɗiyata?"

"Shina nan."

"Ina?"

"Ya ba manya wuri."

"Ɗanaudu, gobe surukaina za su taso daga Bahindi. Ina bikin ɗiyata?"

Wani direba ya ce shi gobe zai ƙetara, a fito masa da takardunsa. Ni ma na ajiye almakashi na fito, don shekara shida ba wasa ba ce. Ɗanaudu ya buɗe nan, ya rufe can, zufa na ɗiga a kan madannai. Daga ƙarshe ya juyo ya ce, a gaskiya, Malam ya kori kowa daga ɗakin.

Badamasi ya yi dariya har da buga cinya. "Ranka shi daɗe, shaidar tata ta cinye shago. A bari ta ci kasuwa?"

Maigari ya dubi rana ya ce zai jira zuwa kiran la'asar, daga nan zai tashi.

A daidai nan janareto ya soma tari. Ɗanaudu ya zabura ya ce kada Allah ya sa ya mutu, in wuta ta ɗauke a wannan hali duk abin da ya ɓace ya tafi har abada. Daga ina ya samo wannan ilimin, shi kaɗai ya sani. Ya fizgi tiyo ya ruga wurin babur ɗinsa, ya zura a tanki ya zuƙa, ya haɗiyi rabi ya tofar da rabi a kan shaddarsa. Man ya yi minti ashirin. Ya koma kan babur ɗin direba. Ya roƙi na mai shela. Duk inda ya nufa Bashira na riƙe da wuyan rigarsa kada ya gudu, har ɗinkin ya ɓarke daga kafaɗa zuwa ƙugu, kuma wallahi ba laifin zarena ba ne. Duk sanda janareton ya yi tari sai kasuwa ta ɗauki salati, duk sanda ya farfaɗo sai Ɗanaudu ya yi gyatsar fetur ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba kuma ba ta yi faɗa ba. Inna Sabuwa ta ɗora tafin hannunta a kan faifan tana jin ɗuminsa, idonta na kan inuwar rumfa da ke ƙara tsawo. Ta ba ni tausayi ƙwarai, na koma shago na ɗebo mata ruwa, ba ta sha ba.

Ladan na gyaran murya sai ga Raliya ta sauko daga kabu-kabu da jakarta, ko gida ba ta je ba. Ta gaida Maigari, ta gaida uwarta, ta duba allon.

"Yaya Ɗanaudu, ina kaɗ ɗaura shi?"

"Babban ɗaki, yadda ya dace da dattijo."

Ta rufe ido ta buɗe. Ta miƙa hannu ta kashe kwamfutar. Ɗanaudu ya zube ƙasa ya ɗora hannu a ka, ya ce jama'a su shaida ba shi ya kashe ba. Raliya ta ƙirga goma ta kunna. Allo ya haska, ga waƙoƙi, ga takardun mota, ga samfurina, ga 'yar Bashira da lalle tana murmushi a inda take kullum.

"Ina sunka tahi?" in ji Bashira.

"Babu inda sunka tahi, Inna. In anka ɗaura faifai bisa folda mai kaya, rufe kayan shika yi. Tabarma yas shimhiɗa bisa shanyarki. An ɗauke tabarma, ga shanya."

"To man da yash sha hwa?"

"Da ya bar janareto ya mutu tun azahar, da tuni kowa ya ga kayanshi."

Dariyar da aka yi har masu kwalekwale sun ce sun ji ta. Raliya ta buɗe folda wadda babu komai, ta buga umarnin nan nata yadda ta rubuta shi. Tana bugawa ta ce masa, ba tare da ta dube shi ba, abin da ya tsare faifan Baba shi ne wurin da bai gane ba ya bar shi yadda yake. Ta danna IYAKA.

Lasifika ta yi shuu, aka ji kukan zakara na shekara ashirin da suka wuce, sai murya ta fito, mai kauri, a natse. Malam Bunyaminu ya faɗi rana da wata, ya faɗi sunayen waɗanda ke zaune. Ya ce iyaka ta tashi daga giginyar da tsawa ta tsaga, ta miƙe zuwa dutsen da ake wasa lauje. Duk wanda ya san Geza ya san ambaliya ba ta taɓa ko ɗayansu ba, kuma turakun Badamasi sun wuce su da nisa. Sai wata murya ta biyu ta shigo da ɗan tari.

"Haka ne. Ƙahwata da tashi munka taka ta. Ɗiyana su kiyaye."

Badamasi ya daina murmushi. Muryar mahaifinsa ce. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba har Maigari ya ce gobe da safe a tuge turaku. Ya ce to, a hankali.

Ɗanaudu kuwa ya farfaɗo. Ya miƙe da rabin riga yana kaɗe ƙura, ya ce a rubuta a tarihi cewa shi ya shigo da kebul daga ƙasar waje, ɗalibarsa ta ƙarasa ɗan abin da ya rage. Yana cikin faɗa ashe sautin bai ƙare ba. Aka ji dattawa na sallama, aka ji jan kujera, sai muryar Malam ta matso kusa, ta yi laushi.

"Sabuwa. Sabuwa, zo ki ji. Injin ga amana ne gare ki, ki adana shi. Kowa kinka ba ya duba, ban da Ɗanaudu. Rediyona har yau bai yi magana ba."

Kasuwa ta sake ɓarkewa. Ɗanaudu ya ɗaga hannu ya ce kowa ya ji da kunnensa, tun shekara ashirin Malam ya san sunansa a harkar na'ura.

Inna Sabuwa ba ta ji shi ba. Shekara goma sha ɗaya rabon da wannan muryar ta kira sunanta. Ta goge ido da bakin mayafi, ta taɓa hannun 'yarta.

"Raliya, maido min wurin ga."

Raliya ta mayar. Malam ya ce Sabuwa, Sabuwa, zo ki ji, ya zarce har zuwa ban da Ɗanaudu, don maganar a haɗe take, ba ta yankuwa. Inna ta ce a ƙara. Ladan ya kira la'asar, Maigari ya tashi, amma ban da shi babu wanda ya bar ƙofar shagon. Sau bakwai tsohuwar ta sa aka kira sunanta, sau bakwai kuma kasuwar Bagudo ta ji ragowar, Ɗanaudu na tsaye ƙarƙashin allonsa yana warin fetur.